Saƙon Godiya: An Amince da Takardata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi. Ranar Talata bayan sallar azahar lauyata ta kira ni, ta ce hukumar shige da fice ta Amurka, USCIS, ta amince da fom ɗina na I-140, wato takardar neman a sa ni cikin masu jiran katin zama na dindindin ta hanyar aiki. Ina cikin mota a lokacin, sai da na gangara gefen titi na tsaya, don hannuna rawa yake yi. Na kira Hajiya a Kano, ko gaisuwa ban gama ba ta ce, "An dace ko?" Ashe tun a muryata ta gane.

'Yan uwa da yawa sun taya ni addu'a ba su ma san takamaiman abin da nake nema ba, don haka bari in ɗan yi bayani. A ƙa'ida, wanda yake son katin zama na dindindin ta hanyar aiki a rukunin EB-2, wato na masu babban digiri ko ƙwarewa ta musamman, kamfani ne zai nema masa, kuma sai kamfanin ya tallata gurbin ya nuna wa Ma'aikatar Ƙwadago cewa bai samu ɗan ƙasa da ya cancanta ba. Amma akwai sassaucin da ake kira NIW, inda za a ɗauke wa mutum wannan sharaɗi idan aikinsa yana da amfani ga ƙasar baki ɗaya. A nan mutum shi yake nema wa kansa. Ma'aunin da ake bi ya fito ne daga hukuncin da aka yanke kan takardar wani mai nema mai suna Dhanasar a Disambar 2016, kuma abu uku ne: aikin ya kasance mai daraja da muhimmanci ga ƙasa, mai neman ya nuna shi ne zai iya ciyar da shi gaba, sannan a ga cewa ɗauke masa sharaɗin ya fi alfanu.

Ga mai bincike ko likita hanyar a fili take. Shi kansa Dhanasar injiniya ne mai bincike kan injinan jiragen sama da na sararin samaniya. Mu kuwa masu shugabancin kamfani ba mu da maƙalu da aka wallafa, ba mu da ɗakin gwaji. Ni aikina kula da jigilar magungunan da sai da sanyi, daga rumbu har zuwa ƙananan asibitocin ƙauyukan Texas. Na ɗauka muƙamina na darakta da shekaru 14 da na yi a harkar sun isa. Wata huɗu da shigar da takarda sai ga wasiƙar neman ƙarin hujja. Jami'in ya ce ya yarda na iya aikina, amma bai ga inda amfanin ya wuce kamfaninmu da abokan cinikinsa ba. Daren nan ban runtsa ba. Daga baya na gane gaskiyarsa: ko shi Dhanasar, bincikensa aka karɓa a matsayin mai muhimmanci ga ƙasa, koyarwar da yake yi a aji ba a karɓa ba. Ba muƙami ake tambaya ba, abin da za ka yi da shi da kuma iyakar inda zai kai ake tambaya.

Ƙasa da wata uku aka ba mu mu amsa, kuma a nan ne na ga mutane.

Godiyata ta farko bayan Allah ga maigidana na farko, Alhajin da ya ɗauke ni aiki a rumbun magani a Kano ina gama hidimar ƙasa. Shekara 9 rabona da shi, har kunyar kiransa nake ji. Baba, kamar yadda nake kiransa, bai ce mini komai a kan wannan ba. Ya sa aka tono tsofaffin fayiloli, ya zauna da kansa ya rubuta dalla-dalla yadda na fara daga lissafin kaya har na riƙe rassa uku, da yadda muka riƙa kai allurai da sanyinsu a watannin zafi ana ɗauke wuta. Lauyata ta ce wasiƙarsa ta fi duk sauran nauyi, domin shi bai yi yabo ba, abin da ya gani ya faɗa, da kwanan wata. Baba, ba ni da bakin gode maka. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya jiƙan magabata.

Ina godiya ga ma'aikatan sashen rajista na Jami'ar Bayero da suka aiko da sakamakona a kan lokaci, da ƙanena da ya yi ta sintiri zuwa sabon mazaunin jami'ar har aka kammala. Haka shugabannin asibitoci biyu na karkara, waɗanda ba a ƙarƙashina suke ba kuma ba su ci komai da ni ba, amma suka rubuta cewa sun ɗauki tsarin da na fito da shi suna aiki da shi. Wannan ne ya amsa tambayar jami'in.

Lauyata ta sa na sake rubuta bayanin aikina har sau biyar. A lokacin na ji haushi, yau ina gode mata. Kafin ita wani dillali ya karɓi kuɗina ya ce ya tabbatar mini za a amince. Na yafe masa, amma don Allah duk wanda ya yi muku irin wannan alkawari ku riƙe kuɗinku, domin hukuncin a hannun jami'i yake.

Maman yara, ke kika san yawan daren da na kwana a kan teburin cin abinci da takardu, kina lallashin yara su yi shiru. Ke kika ce in kira Baba lokacin da nake ta jan ƙafa. Allah ya saka miki da Aljanna. Jama'ar masallacinmu na Houston da kuka riƙa tambayata duk Juma'a, na gode ƙwarai.

Masu taya ni murnar samun kati, tukuna dai. Amincewa da I-140 ba katin ba ne. Yanzu ina layi, ina duba jadawalin biza da Ma'aikatar Harkokin Waje ke fitarwa duk wata, har ranata ta zo in shigar da I-485, fom ɗin neman katin kansa, ni da iyali. Ku ci gaba da sa mu a addu'a. Hajiya ta ce ranar Juma'a za a yi sadakar waina a ƙofar gida, duk wanda yake kusa bismillah.