Na je ƙasar Harriet Tubman

Gajiyar hanya ba ta sake ni ba tukuna, amma gara in rubuta tun abin yana da ɗumi. Taro ne ya kai ni Washington, sai wani ɗan garinmu mai tuƙin tasi a can ya rantse ba zan dawo gida ban ga inda aka haifi Harriet Tubman ba, baƙar Ba'amurkiyar nan da ta tsere daga bauta ta kuma kuɓutar da wasu bayi. Ya ajiye aikinsa na ranar Asabar, ko kuɗin mai ya ƙi karɓa. Na matsa, ya ce, "Haba Malam, baƙo ne fa kai."

Muka haye doguwar gadar Chesapeake, muka faɗa gundumar Dorchester a jihar Maryland. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, fadama da gonakin masara da waken suya, ga sauro kamar na Hadejia da damina. A gidan tarihinta na Church Creek, wanda aka buɗe a 2017, na zaro kuɗi zan biya, aka ce kyauta ne. A ƙasar da ruwan gora ɗaya ya ci mini dala 3!

Na san labarin guduwarta a 1849 da yadda ta riƙa komawa har ta fitar da bayi kusan 70. Tarihin gidansu ne ya tsayar da ni. Sunanta na yanka Araminta Ross, an haife ta wajen 1822. Kakarta Modesty daga Afirka aka kawo ta a jirgin bayi, kuma tun Harriet tana yarinya ake ce mata jinin Asante ce, mutanen Kumasi. Su tara uwarsu Rit ta haifa wa Ben Ross, mai saran katako. Mata uku, Linah da Mariah Ritty da Soph, maigidansu Edward Brodess ya sayar da su Kudancin Amurka, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Da aka zo sayen autansu Moses, Rit ta tare ƙofa ta ce duk wanda ya fara shigowa za ta fasa masa kai. Cinikin ya watse.

Abin takaicin, Harriet ta taɓa biyan lauya dala 5 ya binciko takardu, aka tarar akwai wasiyyar da ta ce a 'yanta Rit idan ta kai shekara 45. Magada suka yi kunnen uwar shegu. Sai a 1855 Ben ya fanshi matarsa da dala 20. Nan abokina ya yi tsaki har Turawan da ke gefe suka waiwayo.

A ɗan kantin Bucktown aka nuna mana inda wani mai gadin bayi ya jefi wani bawa da ƙarfen awo, ya kuskure ya sami Harriet a ka. Ciwon bai bar ta ba har mutuwarta. Gonar Brodess kuwa fili ne kawai da allo. Muna tsaye muna karantawa wani mai a-kori-kura ya daka mana tsawa kan mun tare hanya, ko sannu babu. A gida ai sai an fara gaisawa kafin faɗa.

Auburn, a jihar New York, ni kaɗai na je a bas, tafiyar yini guda, kuɗin kuma ba a magana. Can Harriet ta sayi gona a 1859 ta zaunar da iyayenta, can ta rasu a 1913. Kabarinta na maƙabartar Fort Hill, masu ziyara sun zuba masa sulalla. Sanyi ya kore ni tun kafin la'asar.