Chengde, garin da na fara sakin jiki a ƙasar Sin

Karatu ya kawo ni Chengde, wani gari da duwatsu suka kewaye a lardin Hebei, kimanin kilomita 230 arewa maso gabashin Beijing. Da sanyi na iso, irin wanda hunturun Kano ba ya kusa da shi. Makonnin farko daga ɗaki sai aji.

Wani dattijo maƙwabcina ne ya ga zaman ya yi yawa, ya ce in bi shi wata safiya. Ya kai ni tsohuwar fadar da sarakunan daular Qing ke gudo wa zafin Beijing su yi bazara a cikinta. Sarki Kangxi ya aza harsashinta a 1703, aikin bai ƙare ba sai 1792, zamanin jikansa Qianlong. Ganuwarta ta kai kusan kilomita 10, a ciki akwai tafkuna da gadoji, da fili mai ciyawa kamar makiyayar Mongoliya, sai tsaunuka. Ranar tafkin ya daskare, yara na sulɓi a kansa, tsofaffi kuma sun yi sahu suna motsa jiki a hankali. Wata tsohuwa ta kama hannuna, ta ji shi kamar ƙanƙara, ta yi ta yi mini faɗa don ban sa safar hannu ba. Faɗan nan ya yi mini daɗi ƙwarai.

A wajen ganuwa haikalai suke. Putuo Zongcheng, da aka gama a 1771, kwaikwayon fadar Potala ce ta Lhasa, babban birnin Tibet, jan gini a kan tudu. A haikalin Puning akwai gunkin katako da ya haura mita 22. Ni musulmi ne, kallo kawai ya kai ni, amma dalilin ginin ya tsaya mini a rai: Qianlong ya so shugabannin Mongoliya da na Tibet, in sun zo gaisuwa, su tarar da wurin ibada irin na gida. Siyasa ce, ba shakka, sai dai mai ita ya san abin da baƙo ke kewa.

Ni nawa na same shi a masallacin 'yan ƙabilar Hui da ke cikin gari. Bayan Juma'a mukan shiga wani shagon abincin halal, a kawo taliya da romon rago mai zafi, mai shagon ya ƙara mini barkono ba tare da na tambaya ba.