Daren da Ibn Khaldun ya kusa raba mana fada

Fadarmu tana ƙofar wani shagon ɗinki a Sabon Gari, nan Maraɗi, kuma da can abin da ake yi a cikinta bai wuce shayi da karta da gardamar ƙwallo ba. Ni na kawo shawarar mu ware daren Alhamis bayan isha'i, mu riƙa ɗauko wani abu na mutanen da muna tattaunawa. Da tatsuniya muka fara. Mun yi gardama mai daɗi a kan Gizo, me ya sa muke son shi alhali macuci ne, mun kuma taɓa labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu. Duk wannan ya tafi lafiya lau.

Sai na kawo Muƙaddima, littafin malamin tarihi Ibn Khaldun, wanda ya rubuta a 1377 a wata ganuwa cikin ƙasar Aljeriya ta yau. Ina koyar da tarihi a koleji, na daɗe ina son littafin, musamman wani babi da ya ce ɗaukakar gida ba ta cika wuce mutum huɗu ba. Na farko shi ya gina, ya san wahalar da ya sha. Ɗansa ya gani da idonsa, ya koya a hannun uban, amma bai kai shi ba. Jika kwaikwayo kawai yake yi. Na huɗun kuwa yana zaton girman nan a jininsu yake, ba da aiki aka same shi ba, sai ya raina mutanen da suka ɗaga gidan, su kuma su watse su bar shi.

Ban gama rufe baki ba wani daga cikinmu ya ce, "To ai ga na huɗun nan zaune tare da mu," ya nuna wani yaro da baki. Aka kwashe da dariya.

Yaron ɗan kabu-kabu ne, bai fi shekara ashirin da 'yan kai ba, kuma kowa a unguwar ya san gidansu. Kakan babansa yana cikin alhazan da suka yi kuɗi da sayen gujiya tun zamanin Faransawa. Da farin shekarun 1970 ya karya harkar gujiya, kakansa ya koma fiton kaya zuwa Nijeriya, ya tara manyan motoci. Babansa ya sayar da su ɗaya bayan ɗaya, har da rabin gidan. Shi kuma abin da ya tarar ke nan. Yana riƙe da kofin shayi na biyu, kumfar ba ta ko kwanta ba, ya aje shi a hankali bisa faranti, ya sa takalmansa, ya tada babur. Bai ce da kowa uffan ba.

Har yau in na tuna dariyar nan raina yana ɓaci. Wanda ya yi maganar ya ce wasa yake yi. Wane irin wasa? Yaron da yake fita tun asuba yana yawo cikin rana don jikka biyu ko uku, shi ne za a ce ya rushe gida? Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da na bi shi gida washegari, ba fushin dariyar na tarar yana yi ba. Maganar littafin ce ta zauna masa. Ya ce, "Malam, ai gaskiya ya faɗa. In babban malami irin wannan ya ƙirga ya ce na huɗu ne ƙarshe, to ni me zan yi? An riga an rubuta."

Na yi ta bayani. Na ce masa mutumin da kansa ya ce huɗun nan a galibi ne, wani gida bai kaiwa, wani yakan zarce. Na ce ba ƙirgan yake nufi ba, halin yake nufi, wato mantawa da yadda aka samu abin. Na gaya masa shi kansa Ibn Khaldun ɗan gidan da ya faɗi ne: kakanninsa manya ne a Ishbiliya ta Andalus, suka baro ta gab da faɗuwarta a 1248, annoba ta kashe iyayensa a Tunis yana saurayi, daga baya iyalinsa suka nutse a teku suna biyo shi Masar. Yaron yana gyaɗa kai saboda ladabi, amma na ga babu abin da ya shiga.

Wanda ya warware mana abin mai shagon ɗinkin ne, dattijo da bai taɓa zama aji ba, wanda kullum yana bisa kekensa yana jinmu bai sa baki. Da Alhamis ta zagayo ya aika aka kira yaron, ya zaunar da shi bisa benci kusa da keken, ya ce, "Ɗana, su wa suka kafa sarautar garin nan?" Yaron ya ce, "Katsinawa, Baba." Ya ce, "Waɗanne Katsinawa? Waɗanda suka ci yaƙi ko waɗanda aka kora?"

Daga nan ya ɗauko labarin da dukanmu muka sani amma ba mu taɓa kallonsa ta nan ba. Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarauta mai ɗaruruwan shekaru ya watse. Ɗan Kasawa, ɗan gidan sarautar, ya fita ba gari ba gado, ya yi shekaru a gabas wajen Damagaram, kafin ya zo ya zauna a bakin gulbin nan. In da ƙirga ake bi, in ji Baba, ai shi ne na ƙarshen gidansu. Amma mu a nan shi muke kira na farko, kuma har gobe Sarkin Katsina ake ce wa mai garin nan. Ya ƙara da Gobirawa: birninsu Alkalawa ya faɗi a 1808, aka sake karya su a Gawakuke a 1836, sarkinsu da namu duk suka kwanta a fagen, amma waɗanda suka rage suka gina Tsibiri, ga ta nan kusa da mu. Ya ce shi kansa garin da muke zaune, ruwan 1945 ne ya cinye na kwari, iyayenmu suka hau tudu suka sake aza tubali.

Yaron bai ce komai ba, amma ya karɓi shayi, ya zauna har aka tashi. Ni kuwa daɗin da na ji a daren nan ba ya faɗuwa, don na kwana bakwai ina ganin kamar karatun da na kawo ne ya karya wa yaro zuciya.

Masu son fara irin wannan zama a fadarsu sukan tambaye ni wane littafi za su ɗauko. Littafi ba shi ne matsala ba. Ku dubi waɗanda ke bisa tabarma tukuna, ku san wanda gidansu ya faɗi, da wanda aka saki uwarsa, da wanda ake yi wa gorin asali, domin maganar mutanen da a kan masu rai take sauka, kuma a gari irin namu kowa ya san kakan kowa. Ku hana nuna mutum da misali tun ranar farko, ko da sunan wasa. Kada kuma ku bar babi a rabi: wanda ya ji ƙirgan huɗun nan bai ji dalilinsa ba, zai ɗauka ƙaddara aka karanta masa. Ku sa dattijo a zaman, ko da bai iya karatu ba.

Mai barkwancin nan ya ba da haƙuri, an wuce wurin, ko da yake ni har yanzu ba na sake masa fuska sosai a daren Alhamis. Yaron ya shiga adashe da kuɗin kabu-kabu, ya fara zuwa Cadawa yana saro aya kaɗan-kaɗan yana kawowa kasuwa. Shi ya roƙi mu karanta babin da Ibn Khaldun ya yi a kan fatauci da ɓoye hatsi don ya yi tsada, kuma shi zai jagoranci zaman.