Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Katin Awon Ciki

A makon jiya na tsaya inda aka fita da gawar jaririna na uku daga gidanmu na Aboabo, a Kumasi. A lokacin ɗan farina yana nan lafiya lau, yana ta gudu a tsakar gida. Ta biyu ta zo da kukanta, amma kafin suna idonta ya yi ɗorawa, jikinta ya bi, ta daina kama nono, ta koma. Na ukun bai zo da rai ba, cikinsa a kumbure.

Daga nan sunana ya zama mai wabi. Wata ta ce aljana ce take sha mini 'ya'ya, wata ta ce sammu ne daga abokan kasuwa a Kejetiya. Surukata Hajiya ba ta taɓa faɗa mini baƙar magana a fuska ba, sai dai ta yanke cewa idan na sake haihuwa, Ajuji za a sa wa abin da aka samu, ko mutuwa za ta raina shi ta bar mana. Na sha rubutu, na sha sassaƙe, na yi turare har kayana suka daina jin sabulu.

Da na sami ciki na huɗu, yayata ta zo daga Asawase ta sa ni a mota sai babban asibitin Komfo Anokye, wanda duk Kumasi ke kira Gee. Aka ɗebi jinina. Ranar karɓar sakamako na dace da wata nas 'yar Bawku mai jin Hausa. Ta riƙe katina ta daɗe tana dubawa, sannan ta sa jan biro ta zagaye wani wuri da aka rubuta O da ɗan layi a gefensa.

"'Yar'uwa, a ina kika haifi na farko?"

Na ce a gida, a hannun ungozoma.

"An yi miki wata allura bayan haihuwar?"

Na ce a'a. Na ƙara da cewa ai an auna jininmu kafin aure, ni AA ce, mijina Malam AS. Ta girgiza kai ta ce wancan gwajin sikila ne, wannan kuma rukunin jini ne, hanyarsu ba ɗaya ba. Har yau a zango mutane da yawa suna haɗa biyun, kuma wannan ruɗanin yana cin rayuka.

Ga abin da ta fahimtar da ni. Jinin ɗan Adam rukuni huɗu ne: A, B, AB da O, kuma kusan rabin mutanen Gana O ne, don haka nan ba ni da matsala. Amma akwai wata alama a jikin jajayen ƙwayoyin jini da ake kira Rh. Mai ita fozitif ne, marar ita negetif. A ƙasashenmu marasa ita ba su kai goma cikin ɗari ba, a Turai sun kai wajen 15. Ni ina cikin 'yan kaɗan ɗin, Malam kuma yana da ita, 'ya'yan suka gado shi. Lokacin haihuwar fari jinin yaron ya ɗan shiga nawa, garkuwar jikina ta ɗauke shi baƙo, ta haddace shi kamar yadda maigadi ke haddace fuskar ɓarawo. Yaron ya riga ya fito, bai cutu ba. Amma duk cikin da ya biyo baya, idan jaririn fozitif ne, garkuwar tana ratsa mabiyiya ta farfasa masa jini tun yana ciki. Ciwon shawarar da ya kashe 'yata daga nan ya fito.

Allurar da take tambaya ana kiranta Anti-D. Ana yi wa uwa cikin awa 72 bayan haihuwa, kafin jiki ya yi wannan haddar. Ɗan farin nawa, wanda yanzu aikin gwajin jini yake yi, shi ya gaya mini daga baya cewa wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Karl Landsteiner, ya gano rukunan jini a 1901, aka gano Rh a 1940, allurar kuma ta fara aiki a duniya tun 1968. Tun ba a haife ni ba maganin yana nan. Wannan ne abin da har gobe yake ci mini rai.

Na ce to a yi mini yanzu, ko nawa ne zan sayar da atamfofina in biya. Nas ɗin ta dafa hannuna ta ce lokacinta ya wuce, jikin da ya riga ya haddace ba ya mantawa. Abin da ya rage shi ne a sa ido a kan cikin, in haihu a asibiti, a sa jaririn ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske, idan ta kama a canja masa jini.

Sai ta ƙara wata magana. Kowa yana gadon wannan abu ta gefe biyu, uwa da uba. Idan Malam ya gaji fozitif ta gefe ɗaya kawai, to kowane ciki rabi da rabi ne, jaririn zai iya zuwa negetif irina, babu abin da zai taɓa shi. Ta ce idan ɗaya daga iyayensa negetif ne, an tabbatar ke nan. Mahaifinsa ya rasu. Saura Hajiya.

Malam ya ce shi ba zai iya tunkarar mahaifiyarsa da maganar ɗibar jini ba. Ni na je, bayan la'asar, na same ta tana tsince wake a tire. Na durƙusa na kwashe bayanin nas na faɗa mata, muryata tana rawa. Ba ta ɗago ba sai da na zo kan idon jaririya da ya yi ɗorawa.

"Na fari ya tsaya, na bayansa su tafi?"

Na ce haka ne, Hajiya.

Shekarata nawa a gidan, ban taɓa tambayar dalilin da ya sa Malam ba shi da ƙane ko ƙanwa ba. Ranar ta gaya mini cewa bayansa ta haifi huɗu a Salaga, kuma babu wanda ya kai suna. Ita ma an kira ta mai wabi, har aka yi mata kishiya a kan haka.

Ta ture tiren gefe ta ce, "Gobe ki zo da sassafe, ki kai ni wajen yarinyar nan ta Bawku."

Sakamakon jinin Hajiya da yadda haihuwar ta kasance, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.