Yatsu uku da na ƙona a Marakesh

Wata biyu ke nan da dawowata Tawa, fatar yatsuna ta warke sarai, amma har yanzu in na tuna minti goman nan da na yi ina ɓoye hannu cikin zane, raina ɓaci yake yi.

Ƙanena ne ke karatu a jami'ar Kadi Ayyad ta Marakesh. Na je ganinsa a watan Oktoba, na tashi daga Yamai zuwa Kazablanka, na ƙarasa a jirgin ƙasa. Shi ya tsara mini kwanakin: yini ɗaya koyon girkin tajin, sannan kwana biyu hawan dutse a kwazazzabon Todra, kusa da garin Tingir. Tun farko ya ce: "Yaya, mu fara da dutsen, girkin ya biyo baya." Na ce a'a, girki ai hutu ne, shi zan fara. Na biya kuɗin jagora na kwana biyun tun kafin mu tashi, dirhami 600 kowace rana, dirhami ɗaya kuwa ya ɗara sefa 60.

Mu takwas ne a ajin girkin, ni kaɗai ce baƙar fata ban da malamar. Dada suke ce mata, sunan da ake kiran tsofaffin gwanayen girki na gidajen Maroko, kuma da yawansu kakanninsu daga ƙasashenmu na kudancin Sahara aka kai su. Da ta ji daga Nijar nake, ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba. Wannan ya sa na ƙudura a raina cewa ba zan ba ta kunya ba.

Tajin tukunyar ƙasa ce mai faɗi, murfinta tsororo kamar malfa. Albasa ake shimfiɗawa a ƙasa, a ɗora kaza, a sa citta, kurkum, za'afaran, man zaitun, da lemun tsamin da aka jiƙa cikin gishiri har wata guda ko fiye. Ruwa kuwa ɗan kaɗan, bai cika kofin shayi biyu ba. Nan hankalina ya ƙi kwanciya. Mu da muka saba tsaida ruwan miya, sai na ga wannan abu ƙonewa zai yi. Dada ta yi mana bayani cewa tururi ne ke hawa cikin murfin, ya huce a sama, ya gangaro ya koma kan naman, albasar ma ruwanta take saki. Na ji, amma ban yarda ba. Da ta juya wajen wasu Turawa, na ji kamar ƙauri, na kai hannu na ɗauke tukunyar daga murhun gawayi kamar yadda nake sauke tukunya a gida. Kan murfin ne kaɗai ake iya kamawa da hannu. Gindin kuwa yumɓu ne da ya yi awa yana shan wuta.

Yatsu uku na hannun dama. Ban yi ƙara ba, ban saki tukunyar ba, na ajiye ta a hankali na naɗe hannuna cikin gefen zane. Famfo yana nan taku huɗu daga inda nake tsaye. Na san ƙuna ruwan sanyi take so nan take, a bar shi yana zuba minti 20, na sha faɗa wa ƴaƴana haka. Amma ina tunanin a ce ƴar Adar, mai ƴaƴa huɗu, ta ƙone a ajin koyon girki gaban baƙi. Sai da Dada ta ga ina yanka ganye da hannun hagu ta fizgo hannun ta duba, ta ja ni zuwa famfo tana faɗa da Larabci. Lokacin fata ta riga ta tashi. Ƙaurin da na ji ma ba daga tukunyata ba ne, kazata lafiya lau ta nuna, romonta ya yi kauri, ban taɓa cin mai daɗinta ba.

Washegari muka kama hanya. Wajen awa bakwai a mota, ta mashigar Tizi n'Tishka mai tsayin mita 2,260, ta Warzazat, hannuna naɗe da bandeji yana zugi duk kwanar da mota ta sha.

Todra ba a kwatanta shi. Na girma ina ganin duwatsun Keita da Buza, na ɗauka na san dutse. Wannan bango ne ja guda biyu suna fuskantar juna, tsayinsu ɗaruruwan mita, a wani wurin tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce mita 10 ba, ga ɗan ruwa mai sanyi yana gudana a ƙasa. Jagoran, wani Ba'amazige, wato ɗan ƙabilar da ke zaune a duwatsun yankin, mai kimanin shekarun ƙanena, ya kwance bandejin ya duba, ya ce yau ba zan taɓa dutse ba. Dutsen farar ƙasa ne, yana da kaushi, zai fasa bororon, ga farin garin da ake shafawa don gumi zai shiga ciwon. Kuɗin ranar ba ya dawowa, haka muka yi yarjejeniya, kuma gaskiyarsa ce. Na yini zaune a kan tabarma ina kallon ƙanena yana hawa yana sauka. Na yi asarar jika talatin da wani abu na sefa, da yini guda cikin biyu da nake da su, saboda taku huɗu da na ƙi yi.

Rana ta biyu ya naɗe mini yatsun da filasta, ya zaɓi hanya mafi sauƙi, wadda dutsen ya ɗan kwanta, igiya ta riga ta ratsa ƙarfen da ke sama ta dawo hannunsa. Ƴan'uwana mata masu tambayar sutura: wando mai faɗi na sa da riga har gwiwa, ɗamarar da ake ɗaura wa igiya ta hau samansu, ɗankwali na ɗaure shi tam ƙarƙashin hular kwano, na tura bakinsa cikin riga don kada ya shiga ƙarfen igiya. Zobe a cire. Takalmin yana matse ƙafa, haka aka yi shi, kada ki nemi babba.

Da yake hannun dama ba ya kama komai, dole na bi abin da yake ta faɗa daga ƙasa, cewa in dubi ƙafata, in miƙe a kanta, hannu don daidaita jiki ne kawai. Ƙanena da ke jan jikinsa da ƙarfin damtse ya gaji tun hawa na uku. Ni na kai ƙarfen sama, mita ashirin da ɗoriya, sau biyu. Wurin da ya fi ba ni tsoro shi ne saukowa, lokacin da aka ce in saki dutsen gaba ɗaya in zauna cikin ɗamara. Na yi bisimilla na saki. Ƙanena yana ta ihu daga ƙasa: "Yaya, kin gama da su!" Na yi kuka a can sama, ba na ɓoyewa.

Sai dai jagoran ya nuna mini wata hanya a gefen hagu, mai ƴan ramuka da sai yatsu ke shiga, ya ce da hannuna lafiya da ita za mu yi a rana ta biyu. Ita nake gani in na rufe ido.

Wanda zai haɗa waɗannan biyun a tafiya ɗaya, ya fara da dutse. Wuƙa da wuta suna jiran hannu a ɗakin girki, kuma dutse da yatsu ake hawansa. Kada a biya kwana biyu gaba ɗaya in ana iya biyan ɗaya. In kuwa an ƙone, famfo, nan take, ko gaban wa.

Na taho da tajin guda cikin kaya, na jiƙa ta kwana ɗaya cikin ruwa, na shafe ta da mai kafin ta ga wuta, kamar yadda Dada ta ce. Da albasar Galmi nake yi, ta fi tasu ruwa da zaƙi. Ran Juma'ar da ta wuce Inna ta zo ta tsaya a kaina, ta ce: "Ke, wannan ba ki sa mata ruwa?" Ta miƙa hannu za ta jawo tukunyar, na riƙe mata wuyan hannu.