Fedar da Ta Ƙi Tashi

Shekara ta biyu ke nan da maigidana ya yaye ni na buɗe nawa garejin a wajen Kurna, lokacin da wani Alhaji ya kawo mini tsohuwar Toyota mai giyar hannu. Ƙorafinsa ɗaya ne: idan ya taka kuloci, fedar sai ta kwanta a ƙasa, sai ya sa yatsan ƙafa ya ɗago ta. Da safe lafiya lau. Amma bari rana ta take, ya shiga cunkoson Bata ko na titin Katsina, nan take za ta fara halinta. Watan Afrilu ne, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, sifana ma idan ka bar ta a rana sai ka sa tsumma kafin ka ɗauka.

Da sassafe ya kawo ta, na taka na ji garau. Na ce iska ce ta shiga man kulocin, ranka ya daɗe. Na sa yaro a ciki, ni ina ƙasa ina ta "buga, riƙe, saki", muka yi bilidin, wato fitar da iskar, ya biya ya tafi. Kwana uku ya dawo. Na aika Ƙofar Ruwa aka sayo sabon kulocin sama, wato famfon mai da feda ke turawa, na ɗaura. Wannan karon ta yi mako biyu cif, har na fara yi wa maƙwabtana kanikawa baki. Da ta sake dawowa sai na yanke hukuncin da har yau nake jin kunyarsa: na ce ciwon yana ciki, sai an sauke giyabos. Yini guda muka yi ni da yara biyu. Muka tarar da faranti da sauran ƙwarinsa, boris ɗin da ke danna farantin yana juyawa sumul, ƙarfen da ke tura shi bai lanƙwashe ba. Na shafa giris don kada a ce ban yi komai ba, muka mayar. Washegari bayan azahar Alhaji ya kira ni daga Gyaɗi-Gyaɗi, kuma muryarsa ba ta gaisuwa ba ce.

Da daddare na tafi gidan maigidana. Mutum ne da ya tsufa a kan Peugeot 504, tun zamanin da ake harhaɗa ta a Kaduna, ita ma kuwa kulocinta na mai ne. Na zayyana masa duk abin da na canza. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Kai, da fedar ta maƙale, ka leƙa ƙasa ka ga abin da ke faruwa?"

Na ce, "Baba, ai ba ta taɓa maƙalewa a gabana ba."

Ya ce, "To me kake gyarawa?"

Ban sami amsa ba. Wata guda ina fama da mota, ban taɓa ganin ciwon da idona ba. Labarinsa kawai nake ji ina rubuta magani.

Abin da ya koya mini washegari ba shi da wuya, shi ya sa ma ya fi ba ni haushi. Ya sa muka yi ta zagaye da motar har ta gasu, fedar ta kwanta, ya ce kada wanda ya taɓa ta. Kulocin mai sarƙa ce mai gaɓa kaɗan: feda tana tura fistin a kulocin sama, mai ya bi bututun ƙarfe da ɗan guntun tiyo na roba, ya tura kulocin ƙasa da ke jikin giyabos, shi kuma ya tura ƙarfen da ke danna boris. Idan ka saki, ƙarfin sifirin na faranti ne ke koro man ya dawo. Saboda haka yayin da fedar ke ƙasa, duba ƙarfen nan. In ya koma mazauninsa amma feda ba ta tashi ba, matsalar tana sama: iska, ko robar kulocin sama tana satar mai, ko sifirin da bush na fedar kanta. In kuwa yana nan a ture, sai ka sassauta ɗan notin bilidin. Mai ya yi tsartuwa, ƙarfen ya koma? To wani abu ne ya tare wa man hanyar dawowa, ko tiyo ko kulocin sama. Idan ka buɗe bai motsa ba, sannan ne za ka zargi fistin na ƙasa, daga nan kuma ka fara maganar sauke giyabos. Minti biyar ke nan, da sifana ɗaya.

Na sassauta notin. Mai ya feso mini a hannun riga, ƙarfen ya koma da ƙara. Baba bai ce komai ba, ya dangwali man ya murza a yatsa, ya shinshina, ya ce a kawo ruwa a gwangwani. Ya ɗiga man a ciki. Man birki na gaskiya, wanda shi ake zuba wa kuloci, narkewa yake a ruwa, ya bi jikinsa. Wannan kuwa wani sashe ya narke, wani ya taso sama ya yi ido-ido kamar man gyaɗa a kan miya.

An haɗa shi da wani mai. Robobin da ke cikin kuloci da birki an yi su ne don man birki, irin su DOT 3 da DOT 4, kuma ba sa shiri da duk man da aka samo daga fetur, ko baƙin mai ne ko man giya ko na sitiyari. Da ya taɓa su sai su kumbura su yi laushi. Muka kwance kulocin saman da na ɗaura makonni kaɗan da suka wuce, robarsa ta yi suntum, da ƙyar fistin ke motsi, ta kuma toshe ɗan ramin da mai ke komawa kofin ajiyarsa ta cikinsa. Tiyon muka yanka gida biyu: daga waje kamar sabo, ciki kuwa ya ruɓe ya tsuke, ya zama ƙofar da ake shiga ba a fita. Ƙafa tana da ƙarfin tura mai ta ciki, sifirin ba shi da ƙarfin dawo da shi da sauri. Zafi na ƙara wa roba laushi, shi ya sa safiya ke rufa wa motar asiri.

Akwai abin da na gani tun ranar farko na share. Robar bakin kulocin ƙasa tana da ɗan danshi, ƙura ta manne mata. Na ce ai tsufa ne. Ashe ta nan mai ke zurarewa a hankali, kuma duk inda mai ke raguwa akwai mai ƙarawa. Ban tambayi wane ne ba, ban tambayi me yake zubawa ba. Launinsa ma da zai tona asiri ya ɓace, don man da ke kofin ya yi baƙi ƙirin. Na tabbata tun da motar ta shigo ƙasar nan ba a taɓa juye shi ba. A nan Kano mun ɗauki man birki kamar ruwan batir, sai ya ragu a ƙara. Alhali yana shan danshin iska, kuma yawancin masu ƙera motoci cewa suke a canza shi duk bayan shekara 2. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma wanda ya sha ruwa ma'auninsa digiri 155 ne, ga tsatsar da yake haifarwa a ciki.

Allah ya taƙaita, kulocin wannan motar yana da ɗan kofinsa daban. Motoci da yawa, musamman na Volkswagen, kofi ɗaya kuloci da birki ke sha. Da irinsu ce, da robobin birki ma sun tafi, kuma wannan ba maganar ɗago feda da yatsa ba ce.

Muka canza kulocin sama da na ƙasa da tiyo gaba ɗaya, muka wanke bututun tas, muka zuba sabon mai daga gwangwanin da ni na fasa murfinsa. Kuɗin sauke giyabos na mayar wa Alhaji, Baba yana tsaye, don haka ba zan ce duk halin kirkina ne ba.

Da Alhaji ya zo ɗauka na tambaye shi wa ke duba masa mai. Ya ce ɗansa ne, yaro mai hankali, kullum da safe sai ya buɗe bonet. Ya buɗe but ya ɗauko wata gora mai jan mai, saura kusan rabi. Na sitiyari ne. Ya juya ta, ya karanta, ya yi salati, ya miƙo mini ya ce ba ya son sake ganinta a motarsa.

Sitiyarin tawa motar yana ɗan yoyo a lokacin. Sai da gorar ta yi mini wata biyu.