Ƙaurin roba a mota: abin da gareji ya koya mini

Mai mota idan ya shigo gareji da kukan ƙaurin roba, yawanci da maganinsa a baki yake zuwa: "Oga, a canja mini fambel." Sau da yawa kuma ana canja masa, ya biya, ya tafi, kafin mako ya zagayo ya dawo da sabon bel ɗin ya yi santsi yana ƙauri kamar na farko.

Abu na farko da maigidana ya dasa mini a kai tun ina miƙa masa sifana shi ne, kafin a ɗaga murfin inji sai an yi tambaya. Yaushe kake jin ƙaurin, Alhaji? Da safe in ka tayar da mota, ko sai ka kunna na'urar sanyi? A cunkoso, ko bayan ka gangaro daga tudu? Ta gaba yake fitowa ko ta wajen taya? Amsar nan ita ce rabin gyara, kuma ba ta cin ko sisi.

Bel shi aka fi ɗora wa laifi, kuma a gaskiya shi aka fi zalunta. A mota irin Corolla, bel ɗaya ne ke juya altaneta mai cajin batir da famfon ruwa da kwamfaresar sanyi. Idan boris ɗin ɗayansu, wato ƙarfen da ke sa shi juyawa sumul, ya cije, injin ba zai tsaya ba, zai ci gaba da jan bel ɗin a kan ƙarfen da ya ƙi juyawa, sai robar ta ɗau zafi ta fara ƙonewa. Shi ya sa in na cire bel ba na gaggawar ɗauko sabo. Ina bin kowane gargare da hannu ina juya shi. Mai lafiya yana tafiya sumul ba ƙara. Wanda ya lalace za ka ji yana gurzawa, ko yana lilo, ko ya ƙi motsi gaba ɗaya. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40 kowa ya kunna sanyi, kwamfaresa ce ta fi kawo mana wannan matsalar. Gwajinta ba wuya: a kashe sanyin, in ƙarar da ƙaurin suka lafa, an san inda za a dosa. Sai a duba abin da ke ɗaure bel ɗin, don in ya saki, bel zai riƙa zamewa, batir ya daina samun caji. Altaneta mai lafiya tana ba da wutar lantarki wajen volt 14 idan inji na aiki.

Hanci ma sai an horar da shi, domin ba duk abin da mai mota ya kira roba ne roba ba. Baƙin mai idan ya tsiyaya daga gasket ɗin saman inji ya ɗiga a kan bututun salansa, ƙaurinsa mai nauyi ne, da ɗan hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. Ruwan lagireto mai magani ƙamshinsa zaƙi-zaƙi ne. Kuloci ƙaurinsa kaifi gare shi, kuma direban da ya saba ɗora ƙafa a kansa cikin cunkoso ko ya riƙe mota da shi a kan tudu shi ke jawo shi. Wani lokaci kuma leda ce kawai ta manne a salansa tana narkewa. Haka nan motocin haya irin Golf da Sharon da ake lafta wa kaya su zauna a ƙasa, taya na gugar jikin mota duk lokacin da aka faɗa rami, kuma za ka ga zanen gugar a gefen tayar.

Biyu ne ba na wasa da su. Na farko birki. Idan birki ya riƙe taya ɗaya, ko an manta na hannu a sama, wajen yana yin zafin da ko kusantar da tafin hannu ka yi za ka ji, ba sai ka taɓa ba. Haɗarin ya wuce ƙauri. Man birki samfurin DOT 3 yana tafasa ne a digiri 205 idan sabo ne, amma in ya tsufa ya sha damshi yana iya tafasa a 140. Da ya tafasa, sai ka taka birki ka ji ƙafarka ta nutse ba abin da ya riƙe. Duk direban da ya san gangaren Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga ya san dalilin da ya sa ake sauka da ƙaramar giya maimakon a kwanta a kan birki. Raina yana ɓaci idan na ga motar da ke ɗaukar mutane ta shekara da shekaru ba a taɓa canja mata man birki ba, alhali kuɗinsa bai kai na cika tanki ba.

Na biyu waya. Ƙaurin rigar waya daban yake, yana shiga maƙogwaro, kuma sau da yawa daga cikin mota ake jin sa. Mafi yawan wanda nake gani daga fis ne da ya ƙone aka naɗa masa waya maimakon a sa sabo, ko rediyo da fitilun da aka ƙara ba tare da fis ba. Wanda ya ji irin wannan ya tsaya nan take, ya kashe mota, ya fitar da mutane, ya cire kan batir in babu hayaƙi ko wuta, sannan ya kira mai gyaran waya. Kada ya ce bari in lallaɓa in kai gida.

Yaran da ke koyon aiki a hannuna ina hana su abu biyu a irin wannan bincike: sa hannu ko hannun riga kusa da bel inji na juyawa, da buɗe murfin lagireto mota na da zafi, don ruwan ciki yana iya feshe fuska. In an gama gyara kuma, ba na ba da makulli sai na wanke man da ya zuba, na hau motar na zagaya da ita har inji ya yi zafi, na kunna sanyi, na taka birki, sannan na sake ɗaga murfin na sansana.